Cinikin da Babu "Albarka" a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a ƙasar Hausa ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye zai ɗaga kaya ya jujjuya, sa'annan ya taya. In tayin bai yi wa mai kaya ba, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, kalma ɗaya tak zai faɗa: "Albarka." Mai saye ya ƙara, ko kuwa ya yi gaba. In an daidaita, mai kaya ya ce ya sallama. Mun saba da wannan kalma har ba mu tsayawa mu dubi nauyinta, alhali kuwa a kanta cinikin duka ya ginu, domin "na sallama" ba ta da wata daraja sai in ta fito daga bakin wanda yake da ikon cewa "albarka". To, tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: mutumin da kayansa ba su barinsa ya ce albarka, idan ya sallama, ciniki aka yi da shi, ko kuwa ƙwace aka yi masa cikin ladabi?

Babu kayan da suka kai madara fito da wannan tambaya fili. Mai hatsi in farashi ya karye sai ya mayar rumbu ya jira bazara. Ko mu marubuta da muke kukan littafi ya kwanta a kanta, ai littafin da ya shekara bai ruɓe ba. Madara ba haka take ba. Saniya ba ta san kasuwa ta faɗi ba. Safe da yamma sai an tatse ta, in an ƙi hantsarta ta kumbura ta kamu da ciwo. Abin da aka tatsa kuwa, ko an sanyaya shi, kwana ɗaya ne ko biyu ya rage masa kafin a kai shi masana'anta. Ba kuma sana'a ce da mutum zai rufe bana ya buɗe baɗi ba, domin maraƙa sai ta yi kamar shekara biyu kafin ta haihu ta fara ba da madara. Saboda haka a ƙasashen da aka mayar da tatsa babbar sana'a, mai shanu rayuwarsa rataye take a jikin motar tankin da kamfani yake turowa ƙofarsa.

Bari mu je ƙasar Ostareliya, inda wani abu ya faru a 2016 wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A jihar Biktoriya, wadda mafi yawan madarar ƙasar take fitowa daga cikinta, akwai wani kamfani da ake kira Murray Goulburn. Asalinsa ƙungiyar gama-kai ce da wasu manoma ƙalilan suka kafa a garin Cobram a 1950. Ya yi ta bunƙasa har ya zama babu kamarsa wajen sarrafa madara a ƙasar, manoma sama da 2,000 suna ba shi abin da suka tatsa, kuma su ɗin ne masu kamfanin. A riƙe wannan batu na ƙarshe, domin za mu dawo gare shi.

Shekarar cinikinsu tana farawa a watan Yuli ta ƙare a Yuni. Ba da lita ake biyan manomi ba, da nauyin maiƙo da furotin da ke cikin madarar ne, kilo ɗaya kuwa yakan fito daga lita 13 ko kusa da haka. A farkon shekara kamfani yakan yanka farashin buɗe kasuwa, yawanci ƙasa-ƙasa don taka-tsantsan, in kasuwa ta yi kyau ya riƙa yin ƙari har shekara ta ƙare. Ƙari manoma suka saba da shi, ragi a tsakiyar shekara ba a cika ganinsa ba. A tsakiyar 2015 Murray Goulburn ya buɗe da dalar Ostareliya 5.60 a kan kowane kilo, ya kuma ce yana sa ran kafin shekara ta rufe farashin zai kai 6.05. A ƙarshen Fabrairun 2016 ya janye maganar 6.05, amma ya ce 5.60 tana nan daram. Ran 27 ga Afrilu, saura wata biyu shekara ta ƙare, sai ga sanarwa cewa farashin ya koma tsakanin 4.75 da 5.00, kuma na shekarar ce duka, watau har da madarar da aka kwashe tun watan Yulin da ya wuce, aka sarrafa, aka sayar, aka shanye. Abin da aka riga aka biya sama da haka ya zama bashi a wuyan manoma, za a riƙa cirewa daga kuɗinsu har shekara uku. Shugaban gudanarwar kamfanin, Gary Helou, ya sauka daga muƙaminsa a ranar. Bayan kamar mako guda, kamfanin Fonterra, babban abokin gasarsa, ya bi sahu, ya rage daga 5.60 zuwa 5.00, kuma don lissafin shekara ya daidaita sai ya ce madarar Mayu da Yuni dala 1.91 zai biya ta. Manomin da ya yi fushi da na farko ya waiga ya nemi na biyu, gaba kura, baya siyaki.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu saurari ɓangaren kamfani, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: ni ban yanka farashin duniya ba. A watan Agustan 2014 Rasha ta rufe ƙofarta ga kayan abinci daga ƙasashen Yamma, har da madara da cuku. A ƙarshen Maris na 2015 Tarayyar Turai ta soke ƙa'idar da ta taƙaita yawan madarar da ƙasashenta za su tatsa, wadda take aiki tun 1984, madara ta malala. Ƙasar Sin, wadda kowa ya ɗora wa buri, ta rage sayen madarar gari. Ta yaya zan biya abin da kasuwa ba ta ba ni ba? In na biya na durƙushe, ran nan wa zai ɗauki madarar taku? Kuma ai kun sa hannu a takarda, takardar ba ta hana ragi ba, sa'ad da ake yi muku ƙari kuwa babu wanda ya ce an saɓa ƙa'ida.

Akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan magana, kuma ni ina ganin dole mu amince da cewa arhar kaya ita kaɗai ba zalunci ba ce. Wani faɗuwar farashi kamar fari yake, yana cutarwa amma babu wanda za a kama a ce shi ya jawo. Da a ce a watan Yulin 2015 kamfanin ya tara manoma ya ce musu bana dala 4.80 ce, da an yi kuka, da wasu sun sayar da shanu, amma da ba a ce an ci amanar kowa ba. Ashe ke nan ba ƙanƙantar kuɗin ce kaɗai ta ƙona ran manoma ba.

Abin da ya ƙona shi, a nawa ganin, shi ne an koma baya an sauya jiya. Manomi da aka ce masa 5.60, a kan 5.60 ya tsara shekararsa. A kanta ya sayi abincin dabbobi da taki, a kanta ya biya kuɗin ruwan ban-ruwa, a kanta ya je banki ya ƙara bashi, a kanta ya yanke shawarar barin saniyar da da ya sayar wa mahauta. Kuɗin nan ya riga ya shiga cikin cikin shanu ya fita. Ba zai koma wurin mai taki ya ce masa ai farashin da na saya a wurinka bara hasashe ne, maido mini da ragi ba. Kowa a layin nan cinikinsa ya ƙare ranar da aka yi shi, in ban da manomi, wanda nasa cinikin ya zauna a buɗe wata goma, kuma mabuɗin yana hannun mai saye. Cinikin biri a sama da muke ji, ga wani irinsa, sai dai a nan mai saye ya riga ya tafi da birin, kuɗin ne aka bari a sama. Ba banza ba malamanmu na fikihu suka sa sanin farashi cikin sharuɗɗan ingancin ciniki, ba banza ba kuma aka hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu tun ba su iso kasuwa sun ji abin da ake ciki ba. A duka biyun abin da ake gudu ɗaya ne, kada wanda ya sani ya ci da rashin sanin ɗan'uwansa.

Za a ce ai kamfanin bai yi alkawari ba, hasashe ya yi, hasashe kuwa yana iya cin tura. Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan daɗe a kanta. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin "zan ba ka" da "ina jin za ka samu". Amma bambancin nan ba a kalmomin kaɗai yake ba, har da wane ne mai maganar da kuma wane ne mai sauraro. In maƙwabcinka ya dubi sama ya ce yana jin za a yi ruwa gobe, ka yi shuka ba a yi ba, ba ka da ta cewa, domin sama ɗaya kuke kallo. In kuwa wanda yake riƙe da makullin madatsar ruwa ne ya ce maka yana jin za a saki ruwa gobe, alhali shi kaɗai yake ganin yadda ruwan ya ja baya, to "ina jin" ɗinsa ta fi ta maƙwabcinka nauyi nesa ba kusa ba. Kamfani shi yake ganin littafin ciniki, shi ya san buhu nawa ya tafi Sin, nawa ya kwanta a sito. Manomi ba shi da taga sai bakin kamfani. Wanda ya san cewa za a ɗauki hasashensa a gina gida a kai, ya kuma ga harsashin yana zaizayewa ya yi shiru, ba zai fake da cewa shi bai rantse ba.

Ba ni kaɗai nake ganin haka ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci da haƙƙin masu saye ta ƙasar ta kai maganar kotun tarayya, kuma a Disambar 2018 aka ci Gary Helou tarar dala 200,000, bayan ya amsa cewa da saninsa aka gaya wa manoma abin da ya ɓatar da su game da farashin, tsakanin Fabrairu da Afrilun 2016. To, amma ga inda gizo yake saƙar: hukumar ba ta nemi a ci kamfanin kansa tara ba. Dalilinta kuwa shi ne, tun da na gama-kai ne, duk tarar da aka ɗora masa za ta iya komawa kan manoman nan da aka ɓatar. Mai ƙara da wanda ake ƙara aljihunsu ɗaya.

A nan ne nake so 'yan'uwa masu sha'awar ƙirƙirar labari su lura. Da ɗayanmu aka ba wannan ya mayar da shi littafi, abin da hannu zai fara kaiwa gare shi shi ne a zana wani attajiri mai ƙaton ciki da baƙar zuciya, a zana talaka mai hawaye, a rufe da Allah ya isa. Labarin gaskiya ya fi haka ɗaci, domin babu baƙo a cikinsa. Ƙungiyar gama-kai ita ce maganin da masu madara suka gano wa kansu tun da daɗewa. A Indiya, a gundumar Kaira ta Gujarat, kamfanin Polson ne kaɗai yake da izinin tattara madarar da ake kai wa birnin Bombay, yana yanka farashi yadda ya so, har manoma suka yi yajin kwana 15 a 1946, suka kafa ƙungiyarsu a garin Anand bisa shawarar Sardar Patel, wadda duniya ta sani yau da sunan Amul. Hikimar ita ce, in ba za ka iya ce wa mai saye albarka ba, to ka zama kai ne mai sayen. Murray Goulburn ma daga wannan tunani ya fito. Me ya same shi?

Girma ya same shi, da burin ƙarin girma. A 2015, da amincewar manoman da gagarumin rinjaye, kamfanin ya tara dala miliyan 500, mafi yawansu daga masu zuba jari na waje, don ya gina sababbin masana'antu. Ba a ba mutanen wajen nan ƙuri'a ba, amma an ɗaure rabon ribarsu da farashin madara, in na manomi ya hau nasu ya hau. A takarda abin ya yi kyau, an sa kowa a jirgi ɗaya. A aikace kuwa, yadda na fahimci abin, faɗin gaskiya game da farashi ya zama mummunan labari ga jama'a biyu a lokaci guda, wanda kuwa zai kai mummunan labari gida biyu yakan yi ta jan ƙafa. Manoman suna da nasu kason na laifi, domin su suka ɗaga hannu, kuma farashi mai daɗin ji ba ya shan tambaya. Sai dai laifin wanda ya yarda da wakilinsa ba daidai yake da laifin wakilin da ya ɓoye masa ba. Mallaka a takarda ba ta hana a cuce ka, muddin kai kana bayan saniya tun asuba, wani yana ofis da littafin.

Saura mai shan madarar, watau ni da kai in da can muke. Tun ran 26 ga Janairun 2011 babban kantin Coles ya mayar da madararsa dala ɗaya lita, Woolworths ya bi, aka zauna a haka har 2019. Manoma sun daɗe suna cewa abin kunya ne madara ta fi ruwan gora arha. Da abin 2016 ya faru, jama'a da yawa suka ƙaurace wa madarar dala ɗaya suka koma sayen mai tsada don tausayi. Niyya ce mai kyau. Amma binciken da hukumar nan ta fitar a 2018 bai sami shaidar cewa farashin kanti shi yake yanka farashin manomi kai tsaye ba. Abin da ya gano shi ne ƙarfin ciniki ne bai zo ɗaya ba, kanti ya fi kamfani, kamfani ya fi manomi, kuma ko an ƙara kuɗi a sama babu abin da zai tilasta ya gangaro ƙasa. Tausayin mai saye yana iya tsayawa a aljihun wanda ba shi aka tausaya wa ba. Wannan bai wanke mu ba, domin son arha ba tare da tambayar wa ya biya ragowar ba hali ne da ya kamata mutum ya tuhumi kansa a kai, amma ya nuna cewa gyaran ba a kanti yake ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Manoma suka yi ta ficewa da madararsu duk inda suka sami mai karɓa. A watan Mayun 2017 kamfanin ya yafe bashin, ya kuma sanar da rufe masana'antu uku. A 2018 aka sayar da shi ga kamfanin Saputo na Kanada a kan dala biliyan 1.31, ƙungiyar da ta shekara 68 a hannun manoma ta fita daga hannunsu. Daga 1 ga Janairun 2020 wata doka ta fara aiki, wadda ta haramta komawa baya a rage kuɗin madarar da aka riga aka karɓa, ta kuma wajabta wa kowane kamfani ya bayyana mafi ƙarancin farashinsa a fili ran 1 ga Yuni, wata guda kafin shekara ta buɗe. A lura, dokar ba ta ce ga abin da za a biya ba. Ba ta yi alkawarin riba ga kowa ba. Abin da ta maido wa manomi shi ne ya san tayin kafin ya miƙa kayan, ya kuma sami 'yan makonni na dubawa da kwatantawa. Ni a ganina ta kama bakin zaren, ko da yake manomin da tankin kamfani ɗaya ne kaɗai yake bi ta yankinsa, karanta farashin sauran ba zai ƙara masa komai ba.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da shanun Biktoriya? Ruwanmu a ciki biyu ne. Na farko, malalar madarar da ta karya su ta iso har kasuwanninmu: ana cire man shanun a can Turai a sayar da shi daban da tsada, a mayar da man ja da aka tace a gurbinsa, a busar, a turo mana garin a buhu da arhar da madarar ruga ba za ta iya karawa da ita ba, har ta kai wasu masu tallan nono da shi suke kwaɓawa in rani ya tsananta. Na biyu kuma shi ya fi damuna. Bafillatanar da muke gani da ƙwarya a ka, ita ce mai madara, ita ce kuma masana'antar. Tana mayar da madara kindirmo, ta kaɗa ta fid da mai, ta haka take sayen lokacin da ɗanyar madara ba ta ba ta. Da safe tana iya cewa albarka, ko da yake in la'asar ta yi muryarta takan yi laushi, da damina kuwa da nono ya yi yawa tun hantsi take laushi. Wahala ce, babu mai musu, amma kuɗin a hannunta yake faɗawa, farashin kuma a gabanta ake yanka shi.

Yanzu ga cibiyoyin tattara madara suna buɗewa a Oyo da Kaduna da Kano, kuma abin maraba ne, domin sun rage wa mata tafiyar mil da yawa, sun kuma ba da kasuwar da ba ta watsewa da la'asar. Sai dai matar da ta shekara biyar tana kai ɗanyar madara cibiya, masu sayen kindirmonta na cikin gari sun riga sun koma wurin wata, kuma a wasu rugage kuɗin nono da al'ada ta bar wa mace yakan koma hannun maigida da zarar an ce a rubuta suna a buɗe asusu. Na'urar da take auna ko an ƙara ruwa, da wadda take cewa madarar ta fara tsami a mayar da ita, duk a hannun mai saye suke. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata shugabannin makiyaya su zauna a kansu tun ƙwaryar tana gida: a yanka farashi kafin a zuba, a rubuta ranar biya, a auna a gaban mai kaya, kuma a rubuta sunan wadda ta kawo.